Ƙafar Gwaggo Kulu

Tun ranar da shinkafar Ɗanasabe ta fara fitar da kai, Salama ba ta ƙara ganin Gwaggo Kulu a tsakar gida da rana ba. Gari na fara haske tsohuwar za ta ɗauki sandarta da goran ruwa ta fice, ba a sake jin ɗuriyarta sai rana ta faɗi, ta dawo gefen zaninta ya yi nauyi da laka.

Ɗanasabe yayan mijin Salama ne, shi ne babba a gidan, kuma dattijo ne a cocin ƙauyensu da ke bakin babban kanal na ban-ruwa, tsakanin Kura da Bunkure. A bana ya so ya yi wa kowa wayo. Ya dasa shinkafar rani tun da sauran sanyi, mako uku kafin maƙwabtansa, don ya riga kowa kai wa masu injin casa. Shuka kuwa ta yi kyau, har masu wucewa a babur kan rage gudu su duba. Abin da bai kawo a ransa ba shi ne tsuntsaye. Idan gonaki suka nuna tare, tsuntsayen jan-baki kan rarrabu, kowa ya ɗan taɓa asara kaɗan. Amma bana duk faɗin wurin nan gonarsa ce kaɗai mai ƙwaya, saura ganye ne kore shar. Sai duk tsuntsun da ke yankin ya san hanyarta.

Aka kafa rumfar kara a gaɓar gona, aka ja igiyoyi daga rumfar zuwa kowace kusurwa, aka rataya musu gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki. Mutum ɗaya zai zauna yana fizgar igiya, gwangwanaye su yi ƙara, tsuntsaye su tashi. Da haka aka fara. Bayan kwana uku suka saba da ƙarar, sai an shiga cikin ruwan fangalin shinkafar ana ihu ana jifa da curin laka sannan su ɗaga.

Ba a daɗe ana shawarar wanda zai yi gadin ba. Yara suna da jarrabawa. Uba, mijin Salama, yana can gonar albasa a ƙetaren kanal. Laraba, matar Ɗanasabe, ita ce shugabar zumuntar matan coci, ga shirin Ista ya taso. Salama na da goyo, 'yarta Rahila ba ta cika shekara biyu ba. Sai Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifin su Ɗanasabe, wadda ba ta da miji, ba ta da ɗa a raye. Ɗanasabe ya ƙara da wata hujja da ta rufe bakin kowa. Ya ce duk gidan ita kaɗai ce ba ta karɓi baftisma ba, tana nan kan al'adar iyayenta ta Maguzawa, don haka ko ranar Lahadi babu abin da za ta rasa. Ita ta tsare gona, su su je sujada hankali kwance.

Gwaggo ba ta yi musu ba. Dariya ma ta yi, ta ce ita da fartanya aka yaye ta, ba ɗan tsuntsu ne zai ba ta tsoro ba.

A rana ta tara igiya ɗaya ta tsinke, ta shiga cikin ruwa ta ɗaura. Da yamma Salama ta kai mata tuwo ɗaki, ta tarar da ita ta miƙe ƙafar dama tana cusa toka a tafinta.

"Gwaggo, mene ne wannan?"

"Murfin gwangwani ne, 'yar nan. Yana kwance cikin laka yana jirana, ni kuma ban san da shi ba. Ajiye tuwon."

Yankan yana kusa da diddige, tsawonsa kamar ɗan yatsa, ya yi zurfi. Salama ta dafa ruwa ta zuba gishiri, ta wanke tokar, ta yaga tsohon ɗankwalinta ta ɗaure. Washegari da yamma ɗankwalin ya dawo baƙi ƙirin, jiƙe da ruwan fangali. Ta sake wankewa ta sake ɗaurewa. Haka aka yi kwana huɗu, ita tana wankewa da yamma, gona tana ɓatawa da rana, bakin ciwon kuma maimakon ya haɗe sai ƙara buɗewa yake yi.

Ta fara kai maganar wurin mijinta. Uba mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mata murya ba, amma bai taɓa ɗaga ido gaban yayansa ba ma. Ya saurare ta, ya yi ajiyar zuciya, ya ce gonar ba tasa ba ce, maganar ma ba tasa ba ce. In tana ganin da matsala, ta faɗa wa Yaya da bakinta.

Ta sami Ɗanasabe ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, da tabarau a hanci, yana shirin wa'azin Lahadi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ta gani, ba ta rage komai ba. Bai yi fushi ba. Har murmushi ya yi.

"Allah ya yi miki albarka, Salama, kina da zuciya mai kyau. Amma ba ki san Gwaggo ba. Ƙaya nawa ta taka a duniya kafin a haife ki? Irin su zaman ɗaki ne ke kwantar da su, ba aiki ba."

Ya ce saura kwana ashirin a sa lauje. Da an yanke shinkafa, shi da kansa zai ɗora ta a babur ya kai ta asibitin Kura, a duba ta tun daga kai har ƙafa. Ya mayar da tabarau kan takardarsa. Salama ta gane an sallame ta.

Ranar Lahadi Fasto yana wani ƙauyen, don coci uku yake zagawa, saboda haka Ɗanasabe ne ya hau mumbari. Ya iya magana, babu mai ƙwace masa wannan. Ya yi wa'azi a kan riƙon mutane da alheri da ganin girmansu. Ya ce Kirista ba a waƙarsa ake gane shi ba, a yadda yake riƙe wanda ba shi da ƙarfi ake gane shi. Ya ce kowane mutum Allah ne ya yi shi da hannunsa, wanda ya wulaƙanta shi ya wulaƙanta aikin Allah. Mata suna ta amsawa da amin.

Salama tana zaune kusa da taga, Rahila na barci a cinyarta. Duk lokacin da ya tsaya ya ja numfashi, iska kan shigo da wata ƙara daga nesa, kwaram, kwaram, sannan wata siririyar murya tana kora. Ta yi ƙoƙari ta bi wa'azin, kunnenta ya ƙi. Sai ta sami kanta tana auna tazarar da ke tsakanin ƙara da ƙara. A makon farko gwangwanayen nan ba sa hutawa. Yanzu sai mutum ya gama addu'a guda kafin su sake motsi.

Ana tashi ta ɗauki kunu ta nufi gona. Gwaggo tana zaune a bakin rumfa, ƙafar a miƙe, ƙudaje sun baibaye ɗaurin. Ta karɓi kunun ta shanye ba ta sauke ƙwaryar ba, ta ce kwanan nan ƙishirwa take ji kamar ta shanye kanal. Salama ta juya za ta tafi ke nan sai Malam Hammadu, mai gonar da ke maƙwabtaka da tasu, ya yafito ta. Dattijo ne Musulmi daga ƙauyen gaba, sun saba gaisawa.

"Matar Uba, ba ɗabi'ata ba ce shiga maganar gidan mutane," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Amma na san warin nan. Shi na ji a ɗakin mahaifina. Ku fitar da ita daga ruwan nan."

Ya ce in ya zo wucewa yakan taya ta jifa, amma ba wuni yake yi a nan ba. Bai faɗi abin da ya sami mahaifin nasa ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ranar Talata Salama ta yanke shawara da kanta. Ta goya Rahila ta tafi gona, ta ce Gwaggo ta kwanta a rumfa, ita za ta yi gadin. Ta wuni cikin ruwa tana ihu tana jifa, rana tana dukan bayanta, wato tana dukan yarinyar. Kafin magariba jikin Rahila ya yi zafi kamar garwashi, tana amai, ta ƙi nono. A ranar ne Uba ya fara ɗaga mata murya tun da aka yi aurensu. Laraba kuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "To, kin ga abin da kika jawo. Ke kin fi masu gidan tausayi ne? Kika ɗauki jaririya kika shanya a rana saboda tsohuwar da ta gaya miki da bakinta lafiyarta ƙalau."

Salama ta ci gaba da jijjiga Rahila. Kwana uku tana ɗaki da 'yarta, tana shafa mata ruwa tana ba ta magani. Kowace safiya tana jin fitar Gwaggo ta bayan tagarta. Da can sanda ce kawai ke bugun ƙasa. Yanzu sanda za ta buga, a ja wani abu a ƙasa, a tsaya, sannan sanda ta sake bugawa. Salama takan rungume Rahila ta rufe ido. Ta san ta zaɓa, ta kuma san ko yau aka sake ba ta zaɓin, 'yarta za ta ɗauka. Sanin hakan bai sa ƙarar jan ƙafar ta yi mata sauƙin ji ba.

Da Rahila ta warware, Salama ta koma wanke ciwon. Tana kwance ɗaurin ta ja da baya. Kumburin ya haura idon sawu ya kama ƙwauri, fatar tana sheƙi, yatsu biyu sun yi baƙi kamar an tsoma su a gawayi. Ta zuba ruwan gishiri tana jiran Gwaggo ta zabura kamar yadda ta saba. Ba ta zabura ba.

"Ai ya daina ciwo, 'yar nan," in ji tsohuwar, tana murna. "Tun shekaranjiya ban ji shi ba. Sauƙi ya zo."

Salama ta koma ƙarƙashin mangwaro. Wannan karon ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta roƙi a kai Gwaggo asibiti gobe, ko a nemo wani ya yi gadin, ko aƙalla a bar sakin ruwa a gonar. Ɗanasabe ya cire tabarau. Ya ce shinkafar da ke cika ƙwaya ba a hana ta ruwa, duk manomi ya san wannan. Ya ce 'yan gadin haya barci suke yi, na gida ne kawai ke jin zafin gona. Ya ce shi ma ya tambayi Gwaggo da safe, ta ce ciwon ya daina, ko Salama ta fi mai ƙafar sanin ƙafarta? Saura kwana tara. Wanda ya yi haƙurin kwana goma sha ɗaya ai ba zai kasa na tara ba.

Duk da haka maganar ta ɗan taɓa shi, don washegari ya ba da umarni. Ya ce daga yau kada Gwaggo ta ƙara taka ƙasa zuwa gona. Uba ya riƙa ɗora ta a babur da sassafe ya sauke ta a rumfa, ya ɗauko ta da yamma. Laraba ta ba matan zumunta labarin, suka yaba. Ita ce kuma ta ce a riƙa kai wa Gwaggo abinci ɗaki a jawo ƙofa, saboda yara ba sa iya cin tuwo in tana kusa. Ta sa garwashi a kasko ta zuba turare a bakin ƙofar.

'Yan cocin nan suna da wata al'ada. Ranar Alhamis ta kafin Ista, da la'asar, ana tuna yadda Ubangiji Yesu ya tuɓe rigarsa ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Akan zaɓi tsofaffi goma sha biyu su zauna a benci a gaba, dattijon coci ya durƙusa ya wanke musu ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Bana Ɗanasabe ne zai riƙe daro. Tun Litinin Laraba ta wanke farin tawul ta goge, ta kuma aika wa duk waɗanda aka zaɓa cewa kowa ya cuɗa ƙafarsa da dutse ya yanke farce kafin ya zo, kada a kunyata dattijo a gaban jama'a.

Ranar Alhamis ɗin kowa ya yi ado ya fita. Salama ce ta ƙarshe, tana ɗaura goyo a tsakar gida. Sai ta tsaya da zani a hannu. Wani abu ya canza, ba ta gane ko mene ne ba sai da ta saurara. Babu ƙarar gwangwani. La'asar ce, lokacin da tsuntsaye suka fi sauka, lokacin da igiyar nan ba ta taɓa yin shiru ba. Ta ƙirga har hamsin a ranta. Shiru.

Ba ta bi hanyar coci ba. Tun daga kan gadar kanal ta hango tsuntsayen, sun yi gungu bisa gonar kamar hayaƙin ƙona ciyawa, suna sauka suna tashi babu mai hana su. Gwaggo tana kwance a gefenta, rabin jikinta a rumfa rabi a rana. Ta ɗaure bakin igiyar a wuyan hannunta, da alama tun da yatsunta suka kasa riƙewa, don ko motsi ta yi gwangwanaye su kaɗa. Igiyar ta ci fatar hannun. Jikinta zafi, leɓɓanta sun bushe, idonta a buɗe amma ba a kan komai ba.

Salama ta kwance igiyar da haƙori. Ta kira Malam Hammadu, ya zo da gudu da baron da yake ɗaukar taki. Suka shimfiɗa buhu, suka ɗaga tsohuwar, ba ta fi nauyin damin kara ba. Ya ce shi zai ruga bakin titi ya taro adaidaita sahu, ita ta tura ta zuwa inda mota ke iya shigowa. Inda mota ke iya shigowa kuwa shi ne filin gaban coci.

Tana turawa, ƙafar baron tana kuka, Rahila tana kuka a bayanta. A hanya Gwaggo ta ɗan farfaɗo, ta ji waƙa tana matsowa, ta kama gefen baron.

"'Yar nan, kada ki shigar da ni inda ban taɓa shiga ba."

"Ba zan shigar da ke ba, Gwaggo. Ɗanki zan kira miki."

Ta tsayar da baron a bakin ƙofa, ba ta bar ƙafarsa ta taɓa dokin ƙofar ba. A ciki an kai ga na goma sha biyu. Ɗanasabe yana durƙushe, ya naɗe hannun riga, yana goge wata ƙafa da ta sha dutse har tana ƙyalli. Ruwan daron nan bayan mutum goma sha biyu bai ko canza launi ba. Ya miƙe, ya ninke tawul, aka fara shirin waƙar rufewa.

"Yaya," in ji Salama. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. "Saura mutum ɗaya."

Kawuna suka juyo. Laraba ta taso da sauri tana raɗa mata ta bari a tashi tukuna, wannan wane irin rashin ta-ido ne a gidan Allah. Salama ba ta kalle ta ba. Waɗanda ke bencin baya sun riga sun fara kai gefen mayafi hanci. Fasto ya sauko ya leƙa baron, ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ya ce, "Dattijo, kawo daron."

Ɗanasabe ya fito da daro a hannu biyu, ruwa yana tangal-tangal. Ya durƙusa a ƙasa a gaban baron. Tun ranar da aka yi yankan, sai yau ya ga ƙafar ba ɗauri, don shi ne ya kwance tsumman da hannunsa. Tsumman ya taho da fata. Wata mata ta juya ta fita ta ɗaya ƙofar. Ya ɗebi ruwa ya zuba, ruwan ya gangara cikin daron, kafin ya zuba na uku daron ya koma kamar ruwan kwata. Ya sa farin tawul ɗin, bai san inda zai taɓa ba.

Sanyin ruwan da ya fantsama mata a ɗaya ƙafar ne ya dawo da Gwaggo. Ta dube shi, ta gane shi, ta dubi jama'ar da ke tsaye bisa kanta. Sai ta yi yunƙurin tashi.

"Ɗanasabe, kai ma kana nan? To wa aka bari a gona?"

Ɗanasabe ya kifa goshinsa a gefen baron, kafaɗunsa suna girgiza. A haka adaidaita sahun ya iso.

Daga Kura aka ce su wuce Kano. Likitar da ta duba ta, wata mace mai ƙarancin magana, ta ce Gwaggo tana da ciwon suga da ba a taɓa ganowa ba, shi ya hana yankan haɗewa, ruwan gona kuma ya ƙarasa sauran. Ta tambayi kwana nawa da yin ciwon. Uba ya faɗa. Ta ɗago ta dube shi, ta ce da a makon farko suka zo, wanki da allura da hutu sun isa. Ranar Asabar, jajiberin Ista, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Shinkafa kuwa an yanke ta a kan lokaci, yaran gida suka ƙarasa gadin tunda an yi hutu. Masu yanka suka ce ɓarnar da tsuntsaye suka yi a yammar Alhamis ɗin nan ba ta cika buhu guda ba. Ɗanasabe ya riga kowa kai wa masu casa, kamar yadda ya tsara.

Abin da ya fi tsaya wa Salama a rai shi ne, babu wanda ya taɓa zagin Gwaggo a gidan nan. Babu wanda ya ɗaga mata hannu, ko ya hana ta tuwo. Kowace safiya sai sun rusuna sun gaishe ta, Ɗanasabe ma har hula yake cirewa. An ba ta duk girman da ake bayarwa da baki. Amma da aka zo neman wanda ranarsa ba ta da daraja, wanda jikinsa zai iya jira, wanda Lahadinsa ba Lahadi ba ce, ba a yi minti biyar ba aka same ta. Kuma hawayen ƙofar coci, ko da yake na gaske ne, ba su daɗe ba suka fara bushewa. Aka fara cewa ciwon suga ne, ba gona ba. Aka ce ita ma da taurin kai, da ta faɗi gaskiya tun farko. Laraba ta ce abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Sannu a hankali labarin ya zama na yadda dattijo ya ƙasƙantar da kansa ya wanke ƙafar da babu mai iya kallo.

Gwaggo ta dawo gida. Salama ta mayar da tabarmarta kusa da ɗakin tsohuwar. Kowace hantsi takan kawo ruwan ɗumi a daro ta wanke mata ƙafar hagu, ta bi tsakanin yatsu tana dubawa kamar yadda likita ta koya mata, ta shafa man kaɗanya. Rahila, da ta fara tafiya sosai, ita ke riƙe sabulu.

Damina ta sauka, aka sake dashe, shinkafa ta sake fitar da kai. Wata hantsi Salama ta fito da daro za ta shiga ɗakin Gwaggo, sai ta ji muryar Ɗanasabe daga ƙarƙashin mangwaro, yana magana da Uba a hankali, irin maganar mai neman mafita ga kowa. Yana cewa yara sun koma makaranta. Yana cewa zaman ɗaki ba ya yi wa Gwaggo kyau, ta rame, ba ta da abokin hira. In aka yi mata rumfa mai tsayi, aka shimfiɗa katako, ko ɗigon ruwa ba zai taɓa ta ba. Ai jan igiya a zaune ake yinsa.

Salama ta juya da daron. Ta fita ƙofar gida, ta durƙusa kamar yadda ta saba, ta ajiye shi a gabansa, ta ɗora tawul a gefe.

"Yaya, ga ruwa. Ƙafa ɗaya ce ta rage mata, ba za ta ci maka lokaci ba. Ka shiga ka wanke, ka dube ta da kyau, sannan ka gaya mata maganar rumfar da bakinka."

Ɗanasabe ya dubi daron. Bai taɓa shi ba, bai kuma ce a ɗauke ba. Tururi yana tashi a hankali tsakaninsu. Can sama wani ɗan gungun jan-baki ya gifta ya nufi wajen kanal, su ukun duka suka bi shi da ido.

Uba ne ya yi magana, kansa a ƙasa. "Ni zan yi gadin, Yaya. Albasa ta jira."

Salama ta bar daron a inda yake ta koma ciki. Gwaggo ta yi gyangyaɗi a jingine da bango, sandunanta biyu a gefe. Hannunta na dama yana bisa cinya, yana fizga, ya saki, ya sake fizga, yana jan igiyar da babu ita. Salama ta zauna kusa da ita, ta kama wuyan hannun daidai inda tabon yake, ta riƙe shi a tafinta har ya daina.